Tarwaɗar Rijiyar Baba

Litinin, 8 ga Janairu, 2024
Tarwaɗar da marigayi Baba ya saka a rijiyar lambu don ta riƙa cinye tsutsa ta mutu. Da safe na tarar da ita ciki sama. Ruwan sai warin maganin feshi. Rijiyar da duk gidanmu ke sha! Na san aikin waye.

Talata, 9 ga Janairu
'Yata Zinariya ta wuni tana amai. 'Yar shekara huɗu, me ta yi wa wani?

Alhamis, 11 ga Janairu
Na kama shi ƙiri-ƙiri. Mansur ƙanena, tsugune a bakin rijiya yana ɗauraye tankin feshinsa, ruwan na gangarawa ciki. Wai, "Haba Yaya, ɗan wannan?" Ɗan wannan! Ban san sanda na ɗaga ƙotar fartanya ba. Ya tare da hannu, na ji ƙas. Na ƙara masa a haƙarƙari, na ragargaza tankin da dutse. Ba don masu lambun albasa sun rirriƙe ni ba, wallahi da a rijiyar zan jefa shi ya ɗanɗana.

Juma'a, 12 ga Janairu
Karaya ce. An kai shi wajen mai ɗori a Zango. Inna ta ce kada in sake taka mata ɗaki. Ban yi nadama ba. Ko kaɗan.

Laraba, 17 ga Janairu
Na yashe rijiya ni kaɗai, na ɗaga mata baki da laka. Zinariya ta fara cin tuwo, alhamdu lillahi.

Lahadi, 21 ga Janairu
Ciyawa ta shaƙe albasar Mansur. Malalacin banza, feshi kawai ya iya. In ya warke wani tankin zai nemo, na san halinsa. Don haka na shiga fangalinsa na cire ciyawar da hannu, na zuba takin awaki, na shimfiɗa ƙaiƙayin gero kamar yadda nake wa nawa. Don rijiya na yi, ba don shi ba.

Laraba, 31 ga Janairu
Ina cikin fangalinsa sai ga shi, hannu rataye a wuya, ɗayan riƙe da bokiti. 'Yar tarwaɗa ce a ciki, tana motsi. Na dai karɓi bokitin. Ya yi wa hannu ɗaya nauyi, shi ke nan.