Luguden Ingilishi

Filinge, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya mutanen Sanam, ya aka ƙare da girbi? Ni nan lafiyata lau, sai kewarki. Ummul, tunda ke ce mai karanta wa Inna, ina gaishe ki ke da yaya Hafizu, kuma don Allah ki karanta duka. Na san halinki na tsallake layi in tukunya na kan wuta.

Inna, an ba ni ajin ƙarshe a kwalej, yara saba'in da takwas, kusan rabinsu daga ƙauyukan wajen Abala da aka rufe musu lakwal, wato makarantun boko. Kin sha tambayata abin da ya raba Ingilishi da Faransanci, tunda duk na Nasara ne. To ga ɗaya. A Ingilishi kalmar aiki fuska uku gare ta. In tafiya ce, ta kullum go, ta jiya went, wadda aka riga aka gama gone. Wasu kalmomin na bin tsari ɗaya tsaf, wasu kuwa taurin kai gare su, kowace da inda ta nufa. Abin haushi, masu taurin kan su ne na maganar yau da kullum: ci, sha, zuwa, saye, sayarwa. Yarana sun rubuta su har yatsunsu sun yi kanta, amma ki tambayi ɗaya me ya yi jiya, sai ya amsa miki da fuskar yau.

Ba zan ɓoye miki ba, hankalina ba a kwance yake ba. Kin san har yanzu malamar kwantiragi ce ni. A watan Fabrairu mai duba malamai zai zo daga Tilaberi ya zauna ajina awa guda. Abin da ya rubuta shi zai sa a bar ni a aiki ko a sallame ni.

Amma ji abin da ya faru ran Juma'a. Ina dawowa gida na ji mata uku suna lugude a bayan wani danga. Na tsaya cak a tsakiyar hanya har mai amalanke ya daka mini tsawa. Ke na tuna, ke da ƙawayenki biyu a kan turmin dakau: taɓarya uku, kowace da lokacin saukarta, ba wadda ke karo da wata. Washegari na je wurin mai hurar bakin lakwal na ari turminta da taɓare uku. Ta ce in dai hatsinta za a daka mata, in riƙe har damina.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ɗiyarki,
Dijatu


Filinge, 18 ga Janairu

Innata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Ya sanyi, ya jiki? Saƙon yakuwa da kuka ya iso ta hannun mai motar kasuwa, na gode, Allah ya ƙara girma.

Inna, abin nan ya ci! Ƙarƙashin gawon farfajiya muke yi. Yara uku su kama taɓare, ta farko ta sauke ta ce eat, ta biyu ate, ta uku eaten, sauran aji su amsa da tafi. Wadda ta kuskure kalma sai ta kuskure sauka, taɓarya ta bugi taɓarya, kowa ya ji, ba sai na ce uffan ba. Da suka iya kalmomin sai na sa su gina magana a kan bugun: na farko wanda ya yi, na biyu abin da ya yi, na uku abin da aka yi wa. Haka Ingilishi ke jera maganarsa. Mazan da farko sun ce su ba mata ba ne, suka koma gefe suna hura hanci. Mako biyu suna ganin 'yan mata na cinye su a gwaji, sai ga mafi girmansu, mai gemu ma, ya zo ya karɓi taɓarya. Dakansa abin tausayi ne, amma kalmominsa daidai.

Wadda ta fi faranta mini rai ita ce Saratu, ɗiyar wani makiyayi daga wajen Bonkuku. I'ina gare ta mai tsanani. Tun shigowarta kwalej ba malamin da ya ji jimla guda daga bakinta, har an daina kiran sunanta. Ran da ta kama taɓarya ta jero kalma goma sha biyu ba sarƙewa ko ɗaya. Na juya baya kamar ina gyara kallabi, don kada su ga idona.

Sai dai ba a rasa matsala. Direkta, shugaban lakwal da muke kira Mushe Ibrah irin na Faransanci, ya kira ni ofis. Ya ce na mai da masa lakwal gidan biki, malamin lissafi ba ya jin muryar kansa. Na ji haushi, don malamin lissafin nan ko a makabarta ba a jin muryarsa. Amma Mushe Ibrah ba mugu ba ne, tsoro yake ji mini. Ya ce masu duba malamai abin da ke cikin littafi suke so. Ran da baƙon zai zo in ɓoye turmi, kuma in har zancen ya taso in ce dabara ce da aka koya mana a Yamai, in ba haka ba in kuka da kaina. Na ce to. Saura mako uku.

A gaida yaya Hafizu. Allah ya bar mini ke.

Taki har kullum,
Dijatu


Filinge, 21 ga Fabrairu

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk na gida. Ummul, sauke tukunyar nan ki zauna.

Mai duba malaman ya zo ran Talatar makon jiya. Dattijo ne dogo, Bazabarme, da tabarau a ƙarshen hanci, fuskar nan ba alamar wasa. Turmi na bayan ɗakin ajiya kamar yadda aka umarce ni. Na yi darasina a allo, shi yana baya yana rubutu, direkta na gefensa. Can sai ya miƙe ya ce a rufe littattafai, shi magana yake so ya ji. Kowa ya faɗa masa da Ingilishi abin da ya yi ran kasuwar da ta wuce. Hannuwa suka tashi ko'ina, amma ya ƙi kallonsu. Cikin yara saba'in da takwas, Inna, ya rasa wa zai nuna sai Saratu.

Ta miƙe, bakinta ya kama harafin farko ya ƙi saki. Ta sake, ya ƙi. Direkta ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Ni kuwa na riga na fara tunanin motar da za ta kawo ni Sanam da akwatina.

Sai na ji ƙwas a kan benci. Yarinyar da ke kusa da ita ce ta buga da tafin hannu. Ta gefenta ta buga na biyu, mai gemun nan ya buga na uku. Ba ni na sa su ba, Allah shaida. Saratu ta rufe ido ta hau kan bugun. Ta ce ta je kasuwa, ta sai da nono, ta sayi gishiri, ta ga ƙanen babanta, sun ci ƙosai, ta dawo gida da la'asar. Jimla shida, kowace da fuskarta ta jiya. Ya sake tambayar yara takwas, ɗaya ne kawai ya yi tuntuɓe, shi ma ya gyara da kansa.

Dattijon ya cire tabarau ya tambayi wannan bugun na mene ne. Mushe Ibrah ya yi wuf ya ce sabuwar dabara ce daga Yamai. Baƙon ya ce shekararsa ashirin yana horar da malamai a Yamai, bai taɓa ganinta ba. Sai ya juyo gare ni ya ce a wane littafi na samo.

Nan zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba. Shekara uku ina karatu a Yamai, duk wanda ya tambaye ni sana'ar uwata sai in ce kasuwanci. Kunya nake ji, alhali da kantar hannunki nake zaune a ajin. Ki yafe mini. Ran nan ma ƙaryar ta zo bakina, ga ta da sauƙi, ga direkta na ƙifta mini ido. Na haɗiye ta. Na ce ba littafi ba ne, lugude ne, wurin uwata na gani, dakau take yi wa mutane a Sanam kuma ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba. Da ƙarfi na faɗa, har na bencin baya suka ji.

Dattijon ya sa aka ɗauko turmin, ya tsaya ƙarƙashin gawo ya kalli zagaye biyu, ya koma ya yi ta rubutu. Da zai tafi abu ɗaya ya ce mini, wai rubutuna a allo na gangarawa kamar hanyar rijiya, in gyara. Kwana tara ina jira, ko abinci ba na jin daɗinsa.

Jiya takarda ta iso. An bar ni a aikina, Inna! Mushe Ibrah da kansa ya kawo mini har aji, ya kuma ba ni kwafin rahoton. A ƙasa akwai wurin da ake rubuta littafin da malami ya dogara da shi. Ashe kafin ya shiga mota dattijon ya tambayi direkta sunanki, shi kuma ya duba masa a takardun aikina. Ga shi nan da hannunsa, da hatimin hukuma a kai: Laraba mai dakau, Sanam.

Ki huta lafiya. Ina gaida kowa, babba da yaro.

Ni ce ɗiyar mai dakau,
Dijatu