Suwaitar Baba

Zuwa ga ƙanena Wilf,

Gaisuwa mai yawa daga wannan bakin teku zuwa naku na New Zealand. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Noreen da jikoki. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙirjin nan. Ni dai gwiwata ce ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa. 'Yar Stan, ɗan'uwanmu, ta haihu, namiji, ya kwaso kunnuwan gidanmu, Allah ya ba shi haƙuri.

To, gyara zama. Mutanen gidan adana tarihi na gunduma sun zo zauren coci, suka ce kowa ya kawo tsofaffin hotuna, za su zaɓi wasu su kafa a bangon tashar jiragen ruwa cikin watan Mayu. Na je don shayi da kek. Ina cikin sha sai ga Cyril Leadley da sandarsa, ya ajiye hoton safiyar da jirgin ceto ya dawo da mutanen jirgin gawayin nan da ya bugi dutse. Ya ɗora yatsa kan mai tuƙin, wanda hular ruwa ta rufe wa fuska, ya ce wai ubansa ne, Amos. Wata ma'aikaciyarsu, Fenella, mai hankali da ita, ta rubuta sunan.

Wilf, Amos fa. Mutumin da ciwon baya ya kama daidai lokacin da aka buga ƙararrawar kiran masu ceto, ya sake shi da yamma da aka buɗe mashaya. Baba ne ya tuƙa jirgin nan, ya dawo da yatsu biyu da ba su ƙara lanƙwasawa ba har ya koma ga Allah. Na gaya wa Cyril a gaban kowa cewa iyakar ruwan da ubansa ya shiga ranar nan shi ne na cikin kofi. Ya ce wai tsufa ya fara taɓa ni, kuma tun muna makaranta bakina ya fi ƙafata sauri. Na ce masa da bakin nan zan raka shi kabari.

Ka san yadda kowane gida yake da tasa saƙar suwaita, don a gane namiji idan teku ta mayar da shi babu fuska. Na ari gilashin Fenella mai ƙara girman abu na duba ƙirjin mutumin da ke hoton. Igiya biyu da tsani a tsakiya, saƙar Mama ce. Gidan Leadley kuwa raga suke yi, ita ma a karkace. Fenella ta saurare ni tsaf, amma ta ce maganata da ta Cyril nauyinsu ɗaya a wurinta, sai in ta ga rigar da idonta. Ban ga laifinta ba. Suwaitar kuwa tana wurinka, kai ka cusa ta a akwati ranar da ka tafi.

Fenella ta ce idan rigar ta iso za ta gyara sunan shiru, ba wanda zai ji kunya. Na yi mata godiya, ban ce na yarda ba. Ni za ka aiko wa. Kafin a kafa hotunan za su nuna wa mutanen gari a zauren, Cyril ma har ya gayyato 'ya'yansa daga garin Hull. Ranar nan zan sa ta, ko da za ta kai mini gwiwa, in tsaya kusa da hoton, in roƙe shi ya sa tabarau ya sake nuna mana ubansa.

Ka gaida Noreen da Beryl da maigidanta, da yaran duka. Stan da matarsa Edna suna gaishe ka. Ka hanzarta da aiken, kuma kada ka bari Noreen ta ɗinke hujin gwiwar hannun hagu, don ya fito sarai a hoton.

Yayarka,
Maud