Kiɗanka da Sunana

Zuwa ga ƙanena Isuhu,

Bayan gaisuwa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, babu motar da ke kai saƙo inda kake. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma duk faɗin Yamai ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

An yi kiɗanka. Na fara da wannan don na san shi za ka fara tambaya, tun kafin ka tambayi lafiyar Inna. An yi shi wata ranar Lahadi bayan la'asar, a zauren nan na unguwar Filato inda ƙungiyar masu son sabon kiɗa ke taruwa duk shekara. Sauran labarin ne ba daɗi.

Ka fi ni sanin ƙofar zauren nan. Tun da ciwon ƙirji ya fitar da kai daga 'yan busa na soja, ka dawo ɗakin bayan garajina kana rubuta kiɗa da baƙaƙen ɗigo a kan layuka, ba ka da buri sai su yi naka. Ka sha gaya mini tsarinsu: makaɗa huɗu ko biyar, ba ganga, ba rawa, kiɗan da ba a taɓa ji ba, kuma mai shi yana zaune cikin mutane, in an gama ya miƙe a tafa masa. Da fari suka ce goge ba ya shiga zaurensu. Shekara ta zagayo suka ce rubutunka bai nuna ba. Sai da muka samu mulkin kai, aka sauke tuta aka ɗaga wata, sannan suka tuna suna bukatar ɗan ƙasa a cikin jerin sunayensu. Ranar da suka karɓe ka ina kwance ƙarƙashin kamiyo, babbar motar kayan nan, ƙafafunka kawai nake gani suna rawa. Ashe saura kaɗan. Ba ka kai ranar taron ba.

Bayan sadakar bakwai Mushe Daniyel ya zo, malamin lakwal ɗin nan, wato makarantar boko, na Dogondutse da ke taɓa maka harmoniyom, akwatin kiɗan nan na coci. Ya zauna ya daɗe yana juya hularsa kafin ya gaya mini an soke kiɗanka. Na ɗauka wasa yake. Na sa riga muka tafi wurin sakataren ƙungiyar, yaron nan da ya dawo daga karatu a Dakar. Na gaishe shi da Hausa ya amsa da Faransanci, alhali na san uwarsa a unguwar Mawre, na sha sayen ƙosanta. Ya yi mini ta'aziyya da kalmomi masu santsi, sannan ya ce dokar ƙungiya ce: taron na mawallafa masu rai ne, kai kuwa yanzu ka fita daga cikinsu.

Na tambaye shi, shekarun da kake tsaye a bakin ƙofarsu kana tari, ba mai rai ba ne kai? Sai ya gyara tabarau. Kana da rai sun ce ba ka isa ba, ka mutu sun ce ka wuce. To, a wane lokaci ne ya kamata ka zo, Isuhu? A wace rana ce tsakanin biyun aka buɗe ƙofar ba mu gani ba?

Shi da kansa ya kawo dabarar, bayan ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce abin da shugabansu, Nasaran nan mai farin kai, yake so shi ne suna da mutum. A sa sunan wani mai numfashi daga gidanku, ya sa bes da karabat, wato kwat da ɗamarar wuya irin ta Nasara, in an gama ya miƙe. Shugaban ba zai tambaya ba, don ba ya son ya sani. Ya ce ai uwa ɗaya uba ɗaya muke, abin bai fita gida ba.

Ka san ni. Na bar kwalej a aji biyu, na yi karen mota a hanyar Maradi har tafin hannuna ya koma fatar takalmi, na tashi da kaina ba wanda ya ɗaga ni. Allon da ke ƙofar garajina na unguwar Kalle ni na biya aka rubuta, kuma duk abin da ke bayansa gumina ne. Ban taɓa aron riga don in je suna ba. Yau a ce in ɗauki aikin mamaci in rataya a wuya in tsaya gaban Nasara ina sunkuyawa? Na fita ban yi masa sallama ba.

Mushe Daniyel ne ya karya ni a hanya. Ya tuna mini Ɗan Baba mai goge, tsohon nan na Zango, ba ya karanta ɗigonka. Da baki ka koya masa nasa rabo, kana yi masa guna-guni yana bi, kana tari kana sakewa. Ba a rubuce yake ko'ina ba, a yatsunsa kawai yake, kuma yatsun sun fara rawa. In wannan shekara ta wuce, shi ke nan. Na tsaya a bakin Babbar Kasuwa na zagi sakataren, na zagi dokar, na zage ka kai ma da ka tafi ka bar ni da wannan. Kashegari na aika na ce a sa sunana.

Zauren bai ko cika ba. Nasara da matansu, 'yan ma'aikatan gwamnati da suka zo a gan su, da ni a kujerar gaba karabat na shaƙe ni. Aka yi na wasu mutum biyu tukuna, kowanne ya miƙe ya sunkuya. Sannan naka huɗun suka fito: Mushe Daniyel, kofur ɗin da ya gaji kilarinet ɗinka, algaitar nan ta soja, matar likitan nan mai ƙatuwar biyolo da ake rungumewa tsakanin gwiwoyi, da Ɗan Baba cikin tsohuwar rigarsa, yana duban rufin ɗaki kamar wanda aka kawo shari'a.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ban taɓa son kiɗanka ba. Ba ya kiran sunan kowa, ba ya sa a girgiza kafaɗa, kowa na jan nasa kamar ba su san juna ba. Ranar ma haka na ji shi, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Amma can tsakiya sai harmoniyom ya ja ya tsaya, ya sake ja ya tsaya, biyolon ta yi gurnani daga ƙasa, sannan duk suka kama tare. Isuhu, tsohuwar kamiyota ce ta fari, wadda ba ta tashi da safe sai an lallashe ta. Ashe duk safiyar da nake zaginta kana bayan bango kana saurare? Dariya ta ƙwace mini, ni kaɗai a zauren. Aka juyo ana hararata, wai mawallafi na dariya a kiɗansa. Daga dariyar ban san lokacin da na koma neman hankici ba.

Aka gama, aka kira sunana, na miƙe. Na sunkuya. Ɗan Baba ne kaɗai bai tafa ba, ya dube ni ya kawar da kai, kuma ban ga laifinsa ba. Shugaban ya riƙe hannuna ya ce bai taɓa zaton makanise zai iya haka ba. Gaskiyarsa, bai iya ba.

Ga labarin gida. Mutanen radiyo sun ɗauki kiɗan a ranar, yanzu suna sa shi a wani shirinsu na mako-mako, su faɗi sunana kafin da bayan. Kalle kaf ta ji. Direbobi na shigowa garaji suna ce mini Sarkin Makaɗa, suna tambaya ko ina zuwa biki. Kawu ya aiko daga Maradi wai ashe ciwon kiɗan na gado ne, ɗaya ya tafi ya bar wa ɗaya. Sunan da suka yi shekaru suna jifanka da shi yanzu ni ake jifa, kuma ban gyara wa kowa ba. Inna ta san gaskiya. Ba ta zama kusa da radiyon, amma in lokacin ya yi sai ta bar ƙofar ɗakinta a buɗe. Ɗakinka yana nan yadda ka bar shi. Yaran garaji sun so su zuba tayoyi a ciki na hana. Ka tuna na kafa musu dokar daina buga guduma tsakanin azahar da la'asar, na ce ina barci? Ni da barcin rana? Lokacin ne kake rubutu. Har yau ban janye dokar ba.

Na je gidan radiyon don a mai da sunanka. Wanda na samu mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce zai iya gyarawa, amma in sani shirin nasu ma na masu rai ne, daga ƙungiyar suka ɗauko tsarin. Ranar da aka rubuta sunanka, ranar za a cire kiɗan a ajiye a kabad. Ya tambaye ni ko ya gyara. Na ce ya bari.

Ka ga inda ka kai ni. Muddin ina numfashi za a ji ka a Yamai, ranar da na faɗi kuwa su cire mu tare. Ni da ban taɓa taka asibiti da ƙafata ba, makon jiya na je aka auna ni, kuma ina shan abin da aka ba ni safe da yamma kamar yaron kirki. Na bar taba. Zan daɗe, Isuhu, ko don in ba su haushi.

Allah ya jiƙanka, ya sa inda kake ba a tambayar mutum ko yana da rai kafin a saurare shi. Sai na zo, amma kada ka sa ido da wuri.

Ni ne wanka,
Abdu mai garaji, Kalle, wanda bai iya kiɗa ba.