Ragunana a Intanet, Sunan Wani a Ƙarƙashinsu

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta masu fataucin bisashe, Dakoro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lahiya, kai da iyali da 'yan biro, wato ofishin ƙungiya.

Ka san ni, amma bari in tuna maka. Na baro kolej a aji na biyu, ban gaji ko akuya ba. Da tunkiya guda na fara, ina kwaso harawa a ka daga gonakin Adjekoria. Na gina gida, na yi Makka, na aurar da ɗiyana, na kai ga cika kamiyo, babbar motar kaya, da raguna zuwa Maradi kowace Layya. Ba wanda zai ce shi ya ɗaga ni, in ban da Allah.

Na farko. Bara, kafin Layya, kun kira reniyo, wato taron ƙungiya, kuka ce kasuwa ta koma cikin waya, mai saye yana zaune a shagonshi zai ga rago a bidiyo ya aiko a kai mashi. Raina bai so ba, don ni rago sai na taɓa gadon bayanshi na duba haƙori. Duk da haka na biya kuɗin buɗe shafin ƙungiya, ban yi gardama ba.

Na biyu. Waɗanda kuka ɗauko daga Maradi su yi hoto ba su san kasuwar bisashe ba. A wurinmu mai dabba ba ya riƙe igiya. Dillali ke riƙewa, mai abu yana can cikin rumfa, don kada mai saye ya karanci fuskarshi. Su kuwa duk wanda suka tarar da igiya a hannu, shi suka rubuta. Manyan ragunan balami da na yi wata da watanni ina ba dusa da ƙuli, har da babban farin nan da kasuwa ta taru a kanshi, suka fita da sunan dillalina Habu da lambar wayarshi. Kai kana wurin, Alhaji. Ka san ragunan wane ne.

Na uku. Yau alhazan Maradi da na yi shekara ashirin ina kai ma ragon Layya, Habu suke kira. Ɗayansu, da na yi mashi waya, sai ya yi mani jaje, wai ya ɗauka na bar sana'a. Habu kuma ya daina bi ta rumfata. Yana zuwa Azagor ya saya hannun makiyaya, ya tura hoto, a biya shi. Ban ce ya yi sata ba. Ku kuka ba shi suna, shi ko ya riƙe.

Na zo biro sau da yawa. Sakatare ya ce mani bidiyon ya riga ya yaɗu cikin wayoyin mutane, ko an goge na shafi ba a iya kiran sauran su dawo. Daga ranar nan na san abin ya wuce ni. Bana raguna tara na raba wa mahauta a kan faɗuwa, sauran suna garke suna cin abin da ba ni da shi. Ɗana babba ya ce in sayi babbar waya in koya. Ko na koya, wa zan kira? Mutanen sun riga sun tafi.

Ba kuɗi nike roƙo ba, kuma ba na sa ran ciniki ya dawo. Abin da nike nema, a gyara rubutun shafin nan, a sa ƙarƙashin ragunan cewa Alhaji Isuhu Mai Balami na Dakoro ya kiwata su. A kuma faɗe shi da baki a reniyo na gaba, Habu yana zaune. In sana'ar ta mutu a hannuna, a dai san ta wane ce ta mutu.

Allah ya ƙara maka lahiya, ya tsare ka da ganin wahalarka a hannun wani.

Wassalam.

Alhaji Isuhu Mai Balami, Dakoro.