Kujerar Bayan Labule

Agege, Ikko
Ranar Laraba

Zuwa ga uwargidana Kaltumi 'Yar Malam, a Talata Mafara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ƙaƙa kike, ƙaƙa gida, ƙaƙa ciwon gwiwar nan taki? Ruwa ya samu kuwa? Ina ɗiyarmu Husaina da yaranta? Ki gaida maƙwabci Bube, ki ce mashi ina sane da igiyata da ya ara bai maido ba.

Malam Zubairu limamin zango ke rubuta mani wagga takarda, da ajami, don ki karanta da kanki kada wani ya shiga tsakaninmu. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mani magana.

Mun iso lafiya ni da ɗanki. Muna gidan Alhaji Falalu, mai masaukina tun ina kawo shanu. Likita ya duba idanun, ya ce yana ce, mako mai zuwa za a cire.

Kin ce in ba ki labarin jirgi. To ga shi. Ashe jirgin sama ma yana da gaba da baya kamar motar shanu. Gaban shi ake kira faskila. Da muka hau a Sakkwato, ɗanki ya jawo ni har wata kujera mai faɗi kamar gadon amarya, ya ɗaure ni da ɗamara a ciki sai ka ce tauren da za a kai kara, kasuwar dabbobi, ya ce wa wata ma'aikaciya ta kula da ni, ya wuce baya. Sai na ji an ja labule, shuu. Shi ke nan. Ya aje makaho cikin baƙi, ya tafi ya ɓuya.

Ke kin san ni. Duk shekarun da na yi ina bin hanyar Ikko ban taɓa zama gaban mota ba. Gaba na masu tumbi ne da suka sayi shanu ba su san warinsu ba. Ni a baya nike, bisa katako, ruwa da rana, don in sa ya kwanta a hanya ba a tashe shi ba, 'yan'uwansa za su tattake shi. Mai dabba na gaskiya baya yake zama. Yau ga ni a gaba da tsufana, ba wanda ya tambaye ni.

Kusa da ni wani Alhaji Yari ne, ɗan kwangila, wanda jirgi ya zame mashi jaki. Tun da muka tashi bakinsa bai huta ba. Wai faskilar jirgin Kano ta fi kwantar da kujera, ta Kaduna sun fi iya shayi, ta Fatakwal kifi ake bayarwa, tamu ta Sakkwato kuwa sai haƙuri. Na ce, Alhaji, duk wanga yawo naka, ka taɓa leƙa bayan labule? Ya ce me zai kai shi. Na ce haka na zata.

Gaskiya ba zan ɓoye maki ba, kujerar da taushi, bayana bai yi ciwo ba. Suka miƙo mani tawul mai zafi yana tururi, na ce wa yarinyar ni ban haihu ba balle wankan jego. Ta yi dariya ta goge mani hannu da kanta. Sai ga abinci a farantin tangaram, shinkafa da kaza, ƙamshi har cikin ƙwaƙwalwa. Na ce ta ɗauke.

Kin san rantsuwata. Ranar da ɗanki ya shigo fadamar babana a Dosara riƙe da sarƙar awo, yana bin Turawan madatsa, ya kafa jan turke a gindin tsamiyar da aka binne cibiyarsa, na rantse da Allah ba ni ƙara cin abin da albashinsa ya saya. Yau fadamar tana ƙarƙashin ruwan Bakolori, kifi na kiwo inda muke shuka albasa. Yayanki Malam ya ce rantsuwar ta ci ce, ba ta hau kan magani da abin hawa ba, shi ya sa na yarda na taho. Na kwance ƙilishin da kika ƙulle mani na ci abina. Alhaji Yari ya roƙa, na san mashi kaɗan, ya ce ya fi kazar.

Da muka sauka ɗanki ya zo ya kama hannuna. Hannunsa sanyi ƙalau, jiƙe da zufa. Na ce a raina, hannun mai laifi ke nan.

Maganar da kika yi mani a zaure ban manta ba, cewa an yi mashi tayin canjin aiki zuwa Yola, in ban buɗe mashi ƙofar gidana ba kafin ƙarshen wata zai karɓa, ke kuma ba ki ƙara ganinsa sai a hoto. Kin yi kuka, ko ban gani ba na ji. Amma 'Yar Malam, wanda ya sa labule tsakaninsa da ubansa, ni zan tashi in bi shi?

Ki riƙa shafa man nan a gwiwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mijinki,
Ɗan Juma

Agege, Ikko
Ranar Asabar

Zuwa ga Kaltumi 'Yar Malam.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida duk wanda ya kwana gidanmu. Da fatan gero ya yi kai, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso ta hannun direban shanu, dakuwar ta zo lafiya sai wadda ya ɗanɗana a hanya.

Alhamdu lillahi, an yi aiki, an kwance ƙyalle, ina gani! Abin da na fara gani bakin Falalu ne, ashe haƙoransa sun ƙare bai gaya mani ba. Sai na hangi wani siririn mutum a bakin ƙofa riƙe da takalmana, gemunsa da furfura. Wallahi gabana ya faɗi, na ɗauka ƙanena Bappa ne ya taso daga kabari. Ashe ɗanki ne. 'Yar Malam, wa ya ba shi izinin furfura ina raye? Kuma me ya sa ba ki gaya mani ya rame haka ba? Ba ya ci ne? Na karɓi takalmana na sa.

Jiya Falalu ya tsare ni a shagonsa, kin san shi ba ya tauna magana, yanzu ma ba shi da abin taunawa. Ya ce, Ɗan Juma, an gyara maka ido, saura kai. Wai ranar da muka iso, ɗanki bayan gida ya zaga yana ta amai har ya kasa tsayuwa. Wai tsoron jirgi yake kamar mutuwa, ko aikinsu ya taso sai ya bi mota komai nisa. Ƙarfin aljihunsa kujera guda ya kai a gaba, ya ba ni, shi ya koma baya inda ba zan ji shi yana kakari ba.

Ni ban ce Falalu ya yi gaskiya ba. Sai dai na tuna, yana yaro in na ɗora shi bisa rumbu ya miƙo dame, sai ya manne da jinka yana kiranki. Har bugunsa na yi a kan haka, bai daina ba.

Na ce a koma da ni a motar shanu, likita ya ce in idon ya sha girgizar hanya aikin ya lalace. Don haka jirgi za mu sake hawa. An riga an yanko tikiti, wai faskila kuma. Ba a tambaye ni ba, kamar kullum.

Ina ɗokin in ga fuskarki. Rabona da ganinta sarai tun kafin mu baro Dosara, da ta fara yi mani hazo. In kin tsufa kamar Falalu ki gaya mani tun yanzu in shirya.

Naki har kullum,
Ɗan Juma

Sakkwato
Ranar Laraba

Zuwa ga uwargidana Kaltumi 'Yar Malam.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa da so da yarda. Ƙaƙa gida, ƙaƙa jiki, ƙaƙa jiran matafiya? Mun sauka lafiya jiya. Direban Mafara zai kawo maki wagga takarda yau, mu sai Juma'a da hantsi in Allah ya yarda.

Kin ga hannun rubutun ya sake. Ba sai na faɗa maki na wane ne ba, ke kika koya mashi riƙon alƙalami. Na ce ya rubuta abin da ya ji, kada ya ɗago kai.

Ga yadda aka yi. Ya sake kai ni gaba, ya ɗaure ni, ya wuce. Wannan karon da idona na ga faskilar. Kujeru 'yan kaɗan, kowa da filinsa kamar gonar gado, kowa ya buɗe jarida ya rufe fuska, ba mai taɓa wani. Na ga wadda ta ja labulen ma, ma'aikaciyar ce, ba shi ba ne. To, an ja dai.

Da jirgi ya daidaita na kwance ɗamarar na miƙe. Yarinyar ta ce, Baba, makewayi yana gaba. Na ce ba shi nike nema ba. Na ɗaga labulen. 'Yar Malam, nan mutane suke! An jera su kamar buhunan albasa, ga jarirai, ga ƙunshin kaya, ga hira. Can kusa da ƙarshe na hango ɗanki, ido a rufe, leɓe na motsi, ya ƙanƙame hannun kujera.

Kusa da shi wata Hajiya Gimbiya ce mai fataucin atamfa, Allah ya yi mata jiki, ta cika kujerarta ta ci rabin tasa. Na ce, Hajiya, mu yi musaya, koma gaba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, Baba, me ka gani can ka gudo? Na ce kaza ce ta ishe ni. Ban rufe baki ba ta kwashi jakarta. Ma'aikaciyar ta ce ba a yin haka. Na ce, ɗiyata, na girmi jirgin ga, na girmi mai tuƙa shi. Ta dubi ɗanki, ta dube ni, ta gyara mani ɗamara ta tafi.

Kujerar baya ba ta da daɗi, kada kowa ya ruɗe ki. Gwiwa na dukan ta gaba, ƙarar inji har cikin haƙori, ba tawul, ba tangaram. Ga matsi. Ko ka so ko ka ƙi, kafaɗarka tana jikin ta maƙwabcinka. Rabon da kafaɗata ta taɓa tasa tun ina saɓa shi zuwa kara.

Bayan mun bar Kaduna muka shiga hadari. Jirgin ya riƙa faɗawa kamar mota a rami, mata na salati. Sai na ji an damƙe mani wuyan hannu, irin damƙar da yake yi mani in za mu ƙetare gulbi da damina. Bai ma san ya yi ba. Ni kuwa abu guda na iya. Na dafa bayan wuyansa yadda nike wa sa in ya kwanta a mota, na riƙa yi mashi surutu a kunne. Na ba shi labarin gadar Jaba, da bajimin da ya tsere mana a Kwantagora ya shiga masallaci, da direban da ya yi barci ya kai mu gonar rogo. Har ya yi 'yar dariya, ido a rufe.

Da sama ta lafa aka rabo abincin baya, burodi da ɗan nama a tsakiya, naɗe cikin takarda. Ya karɓi nawa da nasa ya tura gefe, can nesa da ni, don ya san rantsuwata. Na miƙa hannu na ɗauko guda, na raba biyu, na yi bisimilla na ci, na ba shi rabin. Burodin ya bushe. Naman kuwa, ni da na tsufa cikin dabbobi ban gane na mece ce ba. Na cinye tas.

Kada ki ce na yafe wa madatsa. Ban yafe ba, kuma ba ni yafewa. An ce wani lokaci ana hango ruwan daga sama, ni ban duba taga ba, ina da abin dubawa. In kuma Allah ya sake haɗa ni da Alhaji Yari zan gaya mashi, ya gwada ta Kano, ya gwada ta Fatakwal, amma bai san jirgi ba.

Yanzu ga aiki. Na karya rantsuwa, kaffara ta hau ni. Ki buɗe rumbuna, ba na kowa ba, ki tuƙa tuwon miskinai goma ranar Juma'a, a ƙoshi. Bube zai zo ya ce yana cikinsu, kada ki ƙirga shi sai ya kawo igiyata. Naman miyarmu ta gida kuwa kada ki saya, akwai mai albashi, shi zai saya. Ki share ɗakin da ke kusa da zaure. Kwanonsa ki aje gefen nawa.

Sannan ki gaya wa ɗanki, in ji ni, Yola ta yi nisa. Ba a zuwa da sauri sai a jirgi, shi kuwa bai iya jirgi ba, ni kuma ba kullum zan samu Hajiya mai son kaza ba. Ya je ofishinsu gobe ya ce ya gode.

In kin ga tawada ta jiƙe a nan, ba laifina ba ne. Marubucin ne ya tsaya, na ce ya share fuska ya ci gaba, direba na jira.

Ki sa zanen nan mai ruwan shuni, ina son shi zan fara gani. Allah ya kai mu Juma'a lafiya. Kin san bakina ba ya kama sunan ɗan fari, don haka na ce ya sa da kansa a ƙasa, kusa da nawa.

Mijinki,
Ɗan Juma
da hannun ɗanmu,
Magaji