Ba a Ƙirga Uwa Ba

Awali, Madina
9 ga Rabi'ul Ahir, 1419

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida Malam Abdulsalam da yara. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Kowa yana raye, da wannan zan fara.

Gonar ta ƙone, Yaya. Ranar Talata bayan azahar wuta ta tashi a busassun rassan dabino na gonar da ke gabas da mu, iskar zafi ta ɗauke ta, ta tsallake katanga. Gonaki biyar ta cinye kafin motocin kashe gobara su ci ƙarfinta. Ɗakuna biyun da Baba ya gina, inda aka haife ni da ke, yanzu toka ne. Goyo na yi wa Uwa na fito da ita. Ba ta ƙone ba, amma ta shaƙi hayaƙi, har yau tana tari.

Kwana biyu da gobarar aka aiko lajna, wato kwamitin taimako, mutum uku da babban littafi, suna bi suna rubuta waɗanda suka rasa muhalli. A nan na yi abin da ya hana ni sukuni. Kin san Uwa, gwaggon nan tamu, ba ta da takarda. Shekara sittin da biyar ke nan da ta iso ƙasar nan a ƙafa tare da Baba, ta raine mu bayan rasuwar Inna har muka manta ba ita ta haife mu ba, amma ba littafin hukuma guda da ke ɗauke da ita. Kin kuma san yadda aka koya mana tun muna yara: in an hango mai rubutu, Uwa ta shige ciki, mu kuma mu ce ba kowa. To ina hango farar mota, ko tunani ban yi ba, na kai ta ɗakin injin rijiya, shi kaɗai wutar ta bari, na jawo ƙofa.

Suka tambaye ni, "Ku nawa ne a gidan?" Na ce ni kaɗai. Suka duba katina, suka ga tun rasuwar matata Sundus ban sake aure ba, suka rubuta gwauro.

Jiya aka kira sunaye. Masu iyali an ba su shaƙƙa, ɗaki biyu da madafi, a wani gini kusa da masallacin Ƙiblatain, da kuɗin sayen kaya. Mu gwauraye aka ba mu gado ɗaya-ɗaya a gidan maza, mu shida a ɗaki, mace ba ta shiga ko tsakar gidan. An ba ni bargo ɗaya da katifa ɗaya. Na kai wa Uwa duka biyun. Tana nan a ɗakin injin, ni kuma ina shimfiɗa buhu a bakin ƙofa.

Ki sa mu a addu'a. Wani mai umara ɗan garinku zai kawo miki wannan.

Ƙaninki,
Lurwanu

*

Funtuwa
24 ga Agusta, 1998

Lurwanu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, mun yi kuka, mun kuma gode Allah da ya bar ku da rai. Malam yana yi maka jaje, yara ma haka. Gaisuwa ta ƙare, yanzu ka saurare ni.

Wai kai shekararka nawa? Arba'in da huɗu, da furfura a gemu, da katin ɗan ƙasa a aljihu, amma ka ga farar mota ka ruga kamar lokacin da muke satar ɗanyen dabino. Mutane sun zo raba ɗaki, kai ka ɗauka kamu suka zo yi. Tun kana yaro haka kake, in an aike ka gishiri sai ka dawo da albasa saboda mai shago ya harare ka.

Ba zaginka nake ba. Ni ma na ɓoye ta, sau nawa, a bayan tulu, a cikin rumbun dabino. Raina ne ya ɓaci, kuma ba ni da wanda zan sauke wa sai kai. Tsohuwa mai ciwon ƙirji ta zauna cikin warin man inji, a tsakiyar toka, ga sanyin Madina yana tafe. Na san sanyin nan, yana shiga ƙashi.

Ka wanke farar rigarka, in wutar ta bar maka ita, ka koma wurin lajnar nan ka ce ka yi kuskure. Ka buɗe baki ka yi magana, kada ka tsaya kana kallon takalminka. In kuma sun ƙi, ka kawo mini ita. Ɗakin surukata yana nan a rufe tun da ta rasu, zan share shi, in sa mata gado da murhun garwashi. Ka gaya mata ni na ce.

Na ba mai kawo wasiƙar ƙullin kanumfari da citta da zane biyu. Nata ne, kada ka raba wa maƙwabta don kunya.

Allah ya sauwaƙe. Ka rubuto da wuri.

Yayarka,
Rakiya

*

Awali, Madina
17 ga Jimada Ahir, 1419

Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mutanen gida. Saƙonki ya iso, Uwa ta ɗaura zanen nan mai ruwan ƙasa, ta daɗe tana shinshina shi. Faɗanki ma ya iso, na karɓa, na cancanta.

Akwai abin da ya fi faɗanki zafi. Kin tuna Baba Audi mai hawan dabino? Matarsa ma ba ta da takarda. Shi bai samu ɓoye ta ba, lajna ta tarar da ita zaune a kan toka. Aka rubuta ta, ba wanda ya ce mata ci kanki. Yanzu suna shaƙƙa mai famfo da fanka. Da na ji haka, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Da na bar Uwa a inda take, halas, da an gama.

Na koma ofishinsu har sau huɗu. A na huɗun wani dattijon ma'aikaci ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce an rufe littafi, amma akwai hanya: in cika wata takarda da cikakken sunanta da na mahaifinta, in kawo shaidu biyu, in ya so sai su zo su gan ta da idonsu. Shaidu ba wuya. Na zauna zan cika takardar, sai alƙalami ya tsaya. Yaya, ban san sunanta ba. Uwa na tashi na ji ana kiranta, Baba ma Uwar Yara yake ce mata. Sunan kakanmu na sani, yana jikin katina. Nata na yanka ban taɓa ji ba, waɗanda suka sani kuma duk suna kwance a maƙabartar Baƙi'a.

Na tambaye ta. Ta dubi takardar hannuna ta ce, "Don wannan kake tambaya?" Na ce shaƙƙa za a ba mu. Ta ce, "Yau shaƙƙa, gobe tarhili, a kore ni daga ƙasar. Ya waladi, ɗana, duk wanda aka rubuta, an san inda yake. Su sa ni a jirgi su kai ni ina? Wa na sani a can?" Na kawo mata misalin matar Baba Audi, ta ce a jira a ga ƙarshensa. Na gaya mata batun ɗakin da kika share. Ta yi kuka, ta sa miki albarka, sannan ta ce, "Ka ce wa Rakiya, ƙafata ta kawo ni garin Manzo, ba abin da zai fitar da ni. Baƙi'a nake jira."

Na roƙa, na yi fushi, na durƙusa. Ta juya fuska bango.

Tarin ya ƙaru, har da jini-jini da safe. Asibiti ta ƙi, saboda can ma rubutu ake yi. Wani ɗan Najeriya mai kantin magani, Malam Bature, ya zo har gona ya duba ta, ya ba da abin da zai iya, ya ce iskar wurin ce ke kashe ta. Mai gonar da muke zaune a cikinta kuma ya yi mana haƙuri zuwa ƙarshen Sha'aban, daga nan zai kawo motar share fili. Ma'aikacin ya ce shaƙƙa biyu suka rage.

Ke ce babba. In kin san sunan, don Allah ki aiko.

Ƙaninki,
Lurwanu

*

Funtuwa
2 ga Nuwamba, 1998

Lurwanu ƙanena,

Wa alaikumus salam. Kwana ashirin da uku wasiƙarka ta yi a hanya, mutumin ya tsaya Jidda sayen kaya. Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Na san sunan. Sau ɗaya tak na ji shi, kuma dole in gaya maka ranar, ko da yake Baba ya hana. Ina da shekara takwas, kai kana goye. Aka yi shela cewa mutanenmu da suka daɗe a ƙasar su zo a rubuta su a ba su takardar ɗan ƙasa. Baba ya shirya, ya kama hannuna, ya tsaya a ƙofa ya kira ta da sunanta, ya ce ta fito. A ranar ƙyanda ta rufe ka, ko ido ba ka buɗewa. Ta ce ba za ta fita da kai cikin rana ba, ba kuma za ta bar ka ba, mu je, ita ta je gobe. Kwana tara ta yi a kanka. Da ka warke, masu rubutun sun tashi. Daga baya Baba ya yi ta zarya, aka yi ta ce masa sai wata shekara, har tsoro ya shige ta, ta hana shi sake ambatarta a kowane ofis.

Ban faɗa don in ɗora maka kaya ba. Na faɗa ne don ka je ka zauna gabanta ka ce mata ka sani. Ka ce ta zauna dominka sau ɗaya, yanzu ta tashi dominka. Uwa ba ta jin lallashi, amma ba ta taɓa iya ganin kana kwana a ƙasa ba. Ka nuna mata buhun da kake shimfiɗawa.

Sunanta Amatullahi. Na rubuta shi, amma ji nake kamar na yi mata rashin kunya. Ka nema mini gafararta.

Ka yi sauri, Lurwanu. Kada ka tsaya shawara da kowa.

Yayarka,
Rakiya

*

Madina
6 ga Sha'aban, 1419

Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Uwa ta rasu ranar Litinin da hantsi, a ɗakin injin, lulluɓe da bargon lajna. Wasiƙarki ta same ni muna neman motar ɗaukar gawa. Ban samu na gaya mata na sani ba.

Ba a binne mutum sai da takarda, don haka na je da Baba Audi da Malam Bature. Ma'aikacin ya ce, "Sunan mamaciya?" Na buɗe wasiƙarki na karanta masa. Ya rubuta, ya buga hatimi, ya yi mini ta'aziyya. Ko ɗago kai bai yi ba, bai tambayi komai ba.

An yi mata salla a Harami bayan la'asar. Tana Baƙi'a.

Na koma gidan maza. Gadona yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Ɗaya zanen naki ba ta ɗaura ba, zan aiko miki da shi tare da carbinta. Takardar kuma zan riƙe, ita kaɗai ce a duniya mai ɗauke da sunanta.

Allah ya ji ƙanta, ya ba mu haƙuri. Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Lurwanu