Ƙurajen Abdulmutalib

Litinin, 5 ga Mayu
Wata uku da yi wa ƙanena Abdulmutalib dashen ɓargo saboda sikila. Ɓargona aka saka masa, amma har yau shi ake yi wa sannu. Ni da aka huda wa ƙugu, ko oho. Yau ya tashi da jajayen ƙuraje a tafin hannu da bayan kunne.

Laraba, 7 ga Mayu
Duk garinmu Rogo ya zama likita. Inna ta ce zafi ne. Kawu Sulle ya hawo babur tun daga Zoza don ya ce ƙazwa ce, da ƙullin garin magani a aljihu. Gwaggo Barira ta ce baki ne, mun cika ba da labarin dashen. Ta kalle ni. Na ɓoye garin Kawu a bayan randa, likita ya hana.

Alhamis, 8 ga Mayu
Ƙurajen sun kai ƙirji da baya. Ya daina tsokanata. Ban ji daɗin shirun ba.

Litinin, 12 ga Mayu
Na tura wa likita hoto, ya ce mu taho Kano yau yau. A Karaye mota ta tsaya, wata fasinja ta leƙa wuyansa ta ce ƙyanda ce, ta koma baya. Mun samu wuri har da miƙe ƙafa. A asibiti suka yanki 'yar fata don gwaji. Shi aka yanka, ni aka yi wa fifita.

Talata, 20 ga Mayu
Sakamako ya fito. Likita ya ce, "Sabon jinin ne bai saba da jikinsa ba, yake kai wa fatar hari. Mun tare shi da wuri, akwai magani."
Na ce, "Jinina?"
Abdulmutalib ya ce, "Likita, tun muna yara haka Yaya Munawwara take."
Har nas ta yi dariya. Ni na fita bayan ɗakin shan magani na yi kuka. Ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, 1 ga Yuni
Ƙurajen sun fara bushewa. Ni nake shafa masa man a baya safe da yamma, don Inna ba ta gani sosai, ba don komai ba. Ɗazu ya yi ɓarin kunu a kan sabon mayafina. Na buɗe baki, ya runtse ido yana jira. Na ce, "Bai ƙona ka ba dai?"
Ya daɗe yana kallona, sannan ya ƙwala wa Inna kira wai ta zo, Yaya ba ta da lafiya.